Sojojin jiki a cikin kaluluwa mai ciwon kansa, yaƙi suka zo yi ko gadi?

Ummin Idi-Araba:
Slm jama'ar gida, barkanmu da dare. Dokta da Malam mai lab dan Allah ku zo ku warware min wani abu. A limfomar Hodgkin, wato sankarar kaluluwa ɗin nan, in aka ciro kaluluwar aka yanka aka duba a madubin lab, ainihin ƙwayoyin kansar da ƙyar su kai kashi 1 ko 2 cikin 100, sauran duk sojojin jiki ne, su T sel, su makrofej, su iyosinofil, cunkus a wuri ɗaya. To in sun kai haka yawa me ya hana su gamawa da ita? Kuma wai a wani binciken ma yawan wasunsu alama ce mai ciwon zai fi shan wuya. Ta yaya kenan?

Ɗan Agege:
Wslm 'yar boko. Mu nan wuta muke jira tun magariba ke kuma kin zo mana da su makrofej, sunan ma kamar na ɗan ƙwallon Turai. Amma muna ji, a ci gaba.

Dokta Surulere:
Wslm Ummi. Tambayar nan taki ta hana manya barci shekara da shekaru. Thomas Hodgkin ya bayyana ciwon a Landan tun 1832, sai a 1898 da 1902 Carl Sternberg da Dorothy Reed suka siffanta manyan ƙwayoyin nan da ake kira da sunansu, amma saboda ƙarancinsu a cikin ƙullutun an daɗe ana musu ko kansa ce ko wani irin tibi ne. Sai a shekarun 1990 aka iya tsinto su ɗaya ɗaya aka tabbatar asalinsu B sel ne, wato ita ma wata iri ce ta sojojin jiki. B sel ce da ta lalace wadda ya kamata ta mutu tun a cikin kaluluwa, sai ta ƙi mutuwa. Kuma ita kaɗai bata iya zama, in ka ware ta ka sa a kwano a lab yawanci mutuwa take. Taron nan da kike gani ita ta kira su, tana fitar da sinadarai, akwai CCL17 mai jawo wasu irin T sel, akwai IL-5 mai jawo iyosinofil, akwai CSF-1 na makrofej, in sun iso sai su kewaye ta suna ba ta saƙon da ke hana ta mutuwa, wasu kuma aikinsu kawai su lallashi waɗanda suka zo da niyyar kisa su sa su zauna.

Baba Alhaji Mile 12:
Likita bari in ga ko na gane da kaina na ɗan kasuwa. Wato ɓarawo ne ya kama haya a unguwa, ka wuce da dare ka ga 'yan sintiri jingim a ƙofar gidansa da tocila da gora, kai ka ce Alhamdulillahi yau dubunsa ta cika, ashe shi ke biyansu kuɗin wata, gadinsa suke yi.

Dokta Surulere:
Ranka ya daɗe Baba Alhaji ka gama magana. Sai dai in ƙara, ba duka ya saye ba, akwai na kirki a cikinsu da suka zo kama shi da gaske, su kuma yana da abin da yake musu. T sel na da wani makunni a jikinsa, PD-1, wanda in aka taɓa shi sai ya tsaya cak, Allah ya yi shi ne don kada soja ya wuce gona da iri ya juyo kan jiki. To ƙwayar Hodgkin kusan kullum tana da ƙarin kwafi na wani yanki a kuromosom na 9, ana ce masa 9p24.1, shi ke sa ta cika jikinta da PD-L1 da PD-L2, su kuma su ke danna makunnin. Sannan da yawansu sun daina nuna alamar da T sel mai kisa ke gane su da ita. Sojan na nan da ransa da makaminsa amma an kashe masa swici.

Hajiya Obalende:
Yauwa, abin da nake ta faɗa kenan a gidan nan ana min dariya. Garkuwar jiki ce komai. Mutum ya riƙe zogale, zuma, habbatus sauda, da haɗin nan da nake kawowa na ƙara ƙarfin garkuwa, wallahi akwai waɗanda suka sha suka ce sun ji sauyi. Ba sai an je an ƙona mutum da kimo gashi ya zube ba.

Nas Festac:
Hajiya da girman kujerarki, kin karanta abin da Dokta ya rubuta kuwa? Cewa yayi sojojin sun riga sun cika wurin maƙil, ba ƙarancinsu ne matsalar ba. In ma haɗin naki na ƙara su, su wa zai ƙara, masu gadin ko masu kamun? Mu da muke wad muna ganin abin da jinkiri ke yi, mutum ya zo da kaluluwa ɗaya a wuya a ce ya dawo a yi biyofsi, wato a ciro naman a duba a lab, ya ɓace, sai bayan wata da watanni a kawo shi ranga ranga ciwon ya kai saifa da ɓargo, ka tambaya a ce ai yana ta shan haɗi.

Hajiya Obalende:
'Yata ni ban ce kar a je asibiti ba, kar ki sa min magana a baki. Amma habbatus sauda dai ba ni na ƙirƙiro ta ba.

Dokta Surulere:
Hajiya ba wanda zai hana mara lafiya zuma ko zogale a miya, cin abinci mai kyau ma muna roƙonsu su yi don kimo na buƙatar jiki mai ƙwari. Roƙona biyu ne, kada a sa su a madadin magani, kuma duk haɗin da mutum ke sha ya faɗa wa likitansa don hanta da ƙoda ne ke sarrafa kimo, in aka haɗa musu da abin da ba a san me ke ciki ba su ke jin jiki. Kuma kimon da ake tsoro ɗin nan, haɗin ABVD da Gianni Bonadonna da mutanensa suka fito da shi a Milan a shekarun 1970, da shi da makamantansa ake warkar da sama da kashi 80 cikin 100 na masu Hodgkin a inda aka samu magani a kan lokaci. Warkewa fa, ba sauƙi kawai ba. Gashi yana dawowa Hajiya.

Maman Abba Alaba Rago:
Slm, ku yi haƙuri na shigo tsakiyar magana, jikina ne yayi sanyi da nake karantawa. Ƙanin mai gidana ne ke da kumburi a gefen wuya ba zafi ba komai, yana zazzaɓi da dare da gumi har sai an sauya zanin gado, ga rama ga ƙaiƙayi, a wani asibiti suka soka allura suka zuƙo suka ce kumburi ne kawai babu kansa, sai aka sa shi a maganin tibi ya daɗe yana sha babu sauyi, wani mai kemis kuma ya ba shi ƙwayar maganin deksa abin ya sauka kamar an yi ruwa an ɗauke muka ce an warke, yanzu ga shi ya dawo har da hammata. To tunda allura ta nuna babu kansa ba shikenan ba?

Malam Mai Lab:
Wslm Maman Abba. Ba zan ce miki ga abin da yake da shi ba don ban ga silaid ɗinsa ba, tibi na kaluluwa ma gaskiya ne kuma yana da yawa a ƙasar nan. Amma amsar tambayarki a'a ce, ba shikenan ba, kuma dalilin shi ne dai maganar da Ummi ta buɗe da ita. In kashi 98 ko 99 na ƙullutun sojojin jiki ne na yau da kullum, ka soka siririyar allura ka zuƙo ɗan ɗigo, me kake zaton zaka samo? Su ɗin dai zaka samo. Mai dubawa ya ga limfosait, wato su T sel da B sel, lafiyayyu ya rubuta kumburi ne, kuma bai yi ƙarya ba, abin da aka ba shi ya gani. Shi ya sa a limfoma ake so a ciro kaluluwar ɗungurungum, ko aƙalla a yanko da allura mai kauri, don mu ga yadda gidan yake a tsare, wa ke kusa da wa, sannan a yi tabon CD30 da CD15 da CD20 da CD3 da PAX5, wato rinin da ke fito da alamomin jikin ƙwayoyin, a san wace iri ce. Limfoma ba ciwo ɗaya ba ce, iri iri ce sun haura 60 kuma maganinsu ba ɗaya ba.

Wani abin kuma da ke ƙona min rai, a sha wahala a yi aiki a ciro kaluluwa sai a jefa ta a ruwan gishiri ko a ba ɗan'uwan mara lafiya a leda ya shiga go-sulo daga wannan ƙarshen Legas zuwa wancan, kafin ta iso mana ta fara ruɓewa. A fomalin mai kashi 10 ake sa ta nan take, kuma ruwan ya rufe ta sosai. In bata kamu da kyau ba duk tabon da za'a yi ɓarnar kuɗi ce.

Dokta Surulere:
Maman Abba deksan nan shi ya fi damuna. Deksa da firednisolon suna kashe limfosait, har da na limfoma, shi ya sa firednisolon na cikin haɗin kimon limfoma da ake ce wa CHOP. Mutum ya sha shi kaɗai ƙullutu zai sauka na ɗan lokaci ya dawo, sannan in aka yi biyofsi yana cikin sha hoton kan rikice a kasa gane komai. Saukar kumburi bayan deksa ba shaidar warkewa ba ce. Ku kai shi asibitin koyarwa, sashen likitocin jini, LUTH a nan Idi-Araba ko LASUTH a Ikeja duk suna da shi, ku tafi da duk takardun baya, ku faɗa musu yaushe ya fara deksa da nawa yake sha, kuma in ya daɗe a kai kar ya yanke da kansa rana ɗaya, su za su nuna masa yadda zai rage. Zazzaɓi da gumin dare da ramar da ta wuce kashi 10 na nauyin jiki cikin wata 6 muna rubuta su a matsayin alamun B, kuma yawancinsu daga sinadaran da ƙwayoyin nan da sojojin da ke kewaye da su ke zubawa a jini ne. Tibi ma na kawo su, shi ya sa sai an ciro an duba.

Maman Abba Alaba Rago:
Na gode Dokta, na gode Malam, Allah ya saka da alheri. Zan nuna wa mai gidan yanzu.

Baba Alhaji Mile 12:
Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ne. 'Yata in kuɗin mota ko na gwaji ya tsaya ki yi wa admin magana a gefe, ba'a rasa masu taimako a gidan nan ba.

Ummin Idi-Araba:
Amin ya Allah. Dokta saura rabin tambayata na biyu, maganar hasashen yadda ciwon zai kasance. A ina aka samo cewa yawan makrofej ba alheri ba ne?

Dokta Surulere:
A Hodgkin wanda aka fi ambata shi ne na Christian Steidl da abokan aikinsa na Bankuba a Kanada, ya fito a mujallar New England a 2010. Sun yi tabon CD68 wanda ke nuna makrofej, suka ga waɗanda kaluluwarsu ta fi cika da su ciwon ya fi saurin dawo musu kuma sun fi mutuwa da shi. Amma wanda ya fara girgiza mutane na 2004 ne, na Sandeep Dave da Louis Staudt a cibiyar binciken kansa ta Amurka, a kan wata irin limfoma daban da ake ce wa folikula, mutum 191. Sun shiga neman abin da ke cikin ƙwayar kansa da zai nuna wa zai daɗe, sai suka tarar alamun da suka fi faɗin gaskiya ba daga ƙwayar kansar suke ba, daga maƙwabtanta suke. Tsari ɗaya mai rinjayen T sel yana tafiya da tsawon rai, ɗayan mai rinjayen su makrofej yana tafiya da akasin haka. Da suka kasa mutanen gida huɗu, na sama matsakaicin rayuwarsu shekara 13.6, na ƙasa 3.9. Ciwo ɗaya, suna ɗaya a takarda. A 2008 kuma Georg Lenz ya nuna irin wannan a limfomar manyan B sel, wadda ita ce ta fi yawa a manya, inda ƙari mai yawan sabbin jijiyoyin jini ya fi taurin kai.

Ɗan Agege:
To ai magana ta ƙare, makrofej munafukai ne, a nemo maganin da zai share su kawai kowa ya huta.

Dokta Surulere:
Ɗan Agege da sauƙin haka ne da tuni an yi. Ga inda abin ke juyawa. Mutanen binciken 2004 ɗin nan an yi musu magani ne kafin zuwan rituksimab, wanda Amurka ta amince da shi a 1997. Shi rituksimab manne wa CD20 yake a jikin B sel, ya zama kamar an shafa mata alama, kuma cikin manyan masu zuwa su haɗiye ƙwayar da aka yi wa alamar akwai makrofej ɗin nan dai. Da aka sake dubawa a masu limfomar folikula da suka samu rituksimab tare da kimo, a Finlan da Faransa, sai aka ga illar yawan makrofej ta ɓace, a wani binciken ma ta koma alheri. Ƙwayar da jiya take gadin ɓarawo yau ita ke cinye shi, abin da ya sauya maganin da aka kawo ne kawai.

Haka T sel masu kwantar da tarzoma, masu FOXP3. A kansar ƙwan mace yawansu mummunar alama ce don suna hana yaƙi. A limfomar folikula da Hodgkin bincike da dama sun ga yawansu na tafiya da sakamako mai kyau. Wani bayanin da ake bayarwa shi ne tunda ita kansar da kanta ƙwayar garkuwa ce mai rayuwa da zugar T sel, mai kwantar da tarzoma zai iya kwantar da ita ma. Shi ya sa in na ji an ce a ƙara ƙarfin garkuwa sai in ce wace, a wace limfomar, tare da wane magani.

Malam Mai Lab:
To Dokta nan ne ni da ku likitocin wad muke samun saɓani. CD68 ba wani tabo mai wuya ba ne, duk lab ɗin da ke yin CD30 zai iya yinsa, bulok ɗin naman da aka ciro na nan a hannunmu, silaid ɗaya ne kawai za'a ƙara. Amma ban ga kuna nema ba. Bincike tun 2010 ya nuna yana da ma'ana, mu a nan kuma hoton PET mai nuna inda ciwon yake a jiki ba kowa ke iya biya ba, me zai hana mu yi amfani da abin da ke hannunmu mu san wa ya kamata a fi sa wa ido?

Dokta Surulere:
Malam tambaya ɗaya zan maka, in ka rubuto min makrofej sun yi yawa me zan sauya a maganin? In ƙara masa kimo mai zafi irin BEACOPP da ke iya taɓa haihuwa da jawo wata kansar daga baya saboda tabo ɗaya? Su Steidl sun sa iyakar yawan makrofej a kashi 5 da 25, wasu suka zo suka sa ta a wani wurin, wasu suka ce CD163 ya fi, wasu suka duba basu ga bambanci ba sam. Kai da abokin aikinka ku ƙirga silaid ɗaya da ido ba lallai ku fito da lamba ɗaya ba. Shi ya sa har yau bai shiga ƙa'idar da ake zaɓen magani da ita ba. Ga iyali da suka sayar da abin hannunsu suka biya CD30 da CD15, in ce su ƙara biyan abin da ba zai sauya ko allura ɗaya ba? Sannan su shiga intanet su karanta cewa mai yawan makrofej mutuwa yake, su karaya su daina zuwa.

Malam Mai Lab:
Na ji ta wajen kuɗin iyali, wannan ban musa ba. Amma duk binciken nan da kake lissafowa na Kanada ne da Amurka da Turai. Namu marasa lafiyar sun taso da maleriya da tsutsar ciki da tibi, ƙwayar cutar bairos ta EBV ta kama yawancinmu tun muna yara, irin Hodgkin mai gauraye ɗin nan da ke tafiya da EBV ya fi yawa a ƙasashe irin namu fiye da can. Wa ya ce sojojin da ke cikin kaluluwar ɗan Mushin iri ɗaya ne da na ɗan Bankuba? In bamu fara ƙirgawa muna ajiyewa ba, shekara 20 nan gaba ma da lissafin wasu zamu yi ta aiki. Ba sai mara lafiya ya biya ba, aikin jami'a ne da kuɗin bincike.

Dokta Surulere:
A matsayin bincike ina bayanka ɗari bisa ɗari. A rizalt ɗin da za'a miƙa wa mara lafiya ne ban yarda ba tukuna. Kuma binciken ma sai an iya bin mutanen shekaru an san wa ya warke wa ya rasu, mu kuwa da yawa da an ji sauƙi sai a koma gida Arewa, lambar waya ta daina shiga.

Nas Festac:
Wannan gaskiya ne wlh, wani zagaye na uku na kimo zai ga ƙullutu ya baje ya ce ya warke ya hau motar Kano.

Ummin Idi-Araba:
To Dokta a aikace da me kuke hasashen kenan in ba da waɗannan ba?

Dokta Surulere:
Da abubuwan da kika riga kika sani. A limfomar manyan B sel akwai ma'aunin IPI na 1993, abu 5, shekaru sama da 60, sinadarin LDH ya hau a gwajin jini, mataki na 3 ko 4, ciwon ya fita wajen kaluluwa a wuri fiye da ɗaya, da ko mutum na iya tashi ya yi hidimarsa. A Hodgkin da ya yi nisa akwai na Hasenclever na 1998, abu 7, kuma ki lura biyu daga ciki labarin garkuwa ne da ake samu a gwajin jini na kullum, fararen ƙwayoyi su kai 15,000 ko limfosait su gaza 600 ko kashi 8. Wato Malam, muna ɗan leƙa sojojin ta taga da gwaji mai araha. Wanda ya fi duka ƙarfi a Hodgkin kuma shi ne hoton PET bayan zagaye 2 na kimo, a auna shi da makin Deauville 1 zuwa 5, don shi ba hasashe yake daga nesa ba, yana nuna yadda ciwon wannan mutumin ya amsa wannan maganin. Kuma duk waɗannan lissafin taro ne, ba wanda ke faɗa wa mutum ɗaya ranarsa, wannan na Allah ne.

Inda ilimin maƙwabtan nan ya biya kuɗinsa da gaske a magani ne. Makunnin PD-1 da na faɗa ɗazu, Tasuku Honjo na Japan ya gano shi, shi da James Allison suka karɓi Nobel a 2018. Da aka ba masu Hodgkin 23 da magunguna suka gaza a kansu nibolumab, wanda ke toshe makunnin, 20 suka amsa, an buga a 2015. Maganin bai taɓa ƙwayar kansar ba, sojojin kawai ya kwance wa hannu. A 2024 kuma aka buga babban gwaji da aka haɗa shi da kimo tun farko a masu mataki na 3 da 4, bayan shekara 2 kashi 92 ciwon bai ci gaba ba, ɗaya ɓangaren da aka ba wani haɗin daban kuma kashi 83. Amma a yawancin limfomar manyan B sel shi kaɗai bai yi wani abin kirki ba, kin ga maganar kowace da nata ta sake dawowa. Kuɗinsa kam ba na talaka ba ne, a nan R-CHOP ɗin ma, wato CHOP haɗe da rituksimab, rituksimab ɗin ne ke karya mutane.

Baba Alhaji Mile 12:
Likita ni kuma ka tuna min da wani abu. Da muna yara akan ga yaro muƙamuƙinsa ya kumbura ƙato haƙora na girgiɗi, cikin 'yan makonni fuska ta sauya, mutane su ce iska ce ko sammu. Shi ma cikin dangin nan yake?

Dokta Surulere:
Sosai Baba, siffar da ka bayar ta limfomar Burkitt ce. Denis Burkitt ya bayyana ta a Kampala ta Yuganda a 1958, kuma a cikinta aka gano ƙwayar EBV a 1964. Tana cikin kansar da ta fi kowace saurin girma, cikin kwana 1 zuwa 2 ƙwayoyin kan ninka. Ita ma labarin garkuwa ce, maleriya a kai a kai na zuga B sel su yi ta hayayyafa kuma tana raunana T sel ɗin da ke tsare EBV, a cikin wannan hargitsin ne kuromosom na 8 da na 14 kan yi musanya ƙwayar halittar gado ta MYC ta kunnu ta ƙi kashewa. Najeriya na da hannu babba a tarihinta. A Ibadan a 1963 aka samo ƙwayoyin Raji daga wani yaro ɗan shekara 11, har gobe ana aiki da su a lab a duniya, kuma Victor Ngu da ya yi aikin maganinta a Ibadan yana cikin waɗanda suka samu kyautar Lasker a 1972 tare da Burkitt. Duk saurinta tana jin kimo ƙwarai in an zo da wuri.

Malam Mai Lab:
Kuma ga makrofej ɗin Ɗan Agege nan ma a Burkitt, birjik a silaid, amma can shara suke kwashewa, gawar ƙwayoyin da ke mutuwa saboda saurin girma suke haɗiyewa, su ke bada ɗigo ɗigon fari da muke gane ta da shi.

Hajiya Obalende:
Dokta ni tambayata ta ƙarshe, kar Nas ta ce na sake kawo talla. 'Yar ƙawata da aka ce za'a sa mata rituksimab ɗin nan sai da aka ce ta yi gwajin ƙanjamau da na ciwon hanta, uwar ta ji haushi ta ce zargin me ake wa 'yarta. Me ya haɗa su?

Nas Festac:
Hajiya ki ce mata ba zargi ba ne, kowa ake wa, babba da yaro, malami da ɗan kasuwa.

Dokta Surulere:
Haka ne. Ƙanjamau na cinye T sel masu CD4, su kuma su ke tsare EBV da B sel masu neman kauce hanya, shi ya sa limfoma ta fi yawa a masu shi, kuma in an sani aka haɗa maganin ƙanjamau da kimo sakamakon na matsowa kusa da na kowa. Ciwon hanta nau'in B kuma mutane da yawa a ƙasar nan na ɗauke da shi basu sani ba, garkuwarsu ce ta danne shi. Rituksimab baya bambance B sel mai kansa da lafiyayya, duk mai CD20 yake sharewa na tsawon watanni, sai ƙwayar hantar ta farka, kuma tana iya kashe hanta. In an gano tun farko ƙwaya ɗaya ce a rana, tenofobir ko entekabir, a fara kafin kimo a ci gaba har watanni bayan an gama. Ta tabbatar an yi mata HBsAg da anti-HBc duka biyun, don wani na farkon zai nuna babu amma na biyun ya nuna ta taɓa shiga jiki.